Yadda Ake Zaɓar Kalmar Turanci Idan Launi Ya Koɗe: Pale, Pallid, Wan, Ashen, Sallow da 'Yan Uwansu

Duk lokacin da jarrabawar WAEC da NECO ta matso, tambaya ɗaya ce ke ta dawowa daga masu karatu: mene ne bambancin *pale* da *pallid*, kuma a ina ake sa *wan*, *ashen* da *sallow*? Ba ɗalibai kaɗai ke tambaya ba. Masu fassarar labarai suna yi, 'yan makarantar koyon aikin jinya suna yi, har da masu tallan yadi a WhatsApp da Instagram da ke neman sunan da za su ba launin shadda. Shi kansa ƙamus wani lokaci ƙara dagula lamarin yake yi: ka duba *pallid* ya ce maka *pale*, ka duba *wan* ya sake ce maka *pale*, ka rufe littafi ba ka ƙaru da komai ba.

Kalmomin nan ba yawan haske kawai suke aunawa ba. Kowacce tana faɗin abin da ya kori launin: tsoro ne, ciwo ne, rana ce, wanki ne, ko kuwa haka Allah ya halicci abin. Don haka da tambayar dalili ake farawa, sannan a zo ga kalma. Ga yadda ake bi.

Kayan aiki da abin da za ka kashe

Na farko, ƙamus irin na masu koyon Turanci. Oxford Advanced Learner's Dictionary, Cambridge da Longman duk suna da shafi kyauta a intanet. Kuɗin data kaɗai za ka kashe, shi ma kaɗan, tunda rubutu ne ba bidiyo ba. Suna kawo jimlolin misali, suna da alamar lasifika da za ka taɓa ka ji furucin Ingila da na Amurka, sannan suna liƙa wa kalma lakabi irin su *formal*, *literary*, *informal* ko *disapproving*. Wannan lakabin ne ɗalibai suka fi tsallakewa, alhali sau da yawa a nan amsar take. Bugaggen littafi ya fi tsada nesa ba kusa ba, idan akwai a laburaren makarantarku ya wadatar.

Na biyu, ƙamus na Turanci zuwa Hausa, kamar na Roxana Ma Newman da ya fito a 1990. Yana da amfani wajen kama ma'anar farko, amma daga nan ka koma na Turanci zalla don ganin jimloli.

Na uku, littafin rubutu. Ka raba shafi gida huɗu: kalmar, abin da take siffantawa, dalilin da take nunawa, da jimlar da kai ka ƙirƙira.

Gargaɗi: ka yi hattara da jerin *synonyms* da Microsoft Word ke kawowa, da kowane littafi mai tara kalmomi masu kama da juna. Jera su kawai yake yi, ba ya raba su. Daga nan ne mutum ke ɗauko kalmar zagi ya manna wa surukarsa yana ganin gwaninta ya yi.

Mataki na 1: Mutum ne ko kaya?

Ja layi a ƙarƙashin sunan da kalmar za ta bi. Fuska ce, bango ne, hasken wata ne?

*Pale* tana shiga ko'ina: *a pale face*, *pale blue*, *pale moonlight*. Sauran kowacce da gidanta. *Sallow*, *pasty* da *peaky* na jikin mutum ne. *Pastel* da *faded* na kaya ne. *Wan* da *pallid* na mutum ne, amma marubuta kan ara wa haske mara ƙarfi su, kamar rana a cikin hazon hunturu: *a wan sun*. *Washed-out* kuwa tana zuwa wa mutum, tana zuwa wa tufafi.

Gargaɗi: idan lokaci ya ƙure maka a ɗakin jarrabawa kuma kana kokwanto, rubuta *pale* ka wuce. Ba a cire maki don kalma mai sauƙi ce, amma *a pasty wall* jan biro zai sha.

Mataki na 2: Halitta ce ko canji ne?

A nan Bahaushe ya fi yin tuntuɓe, domin mu da "fari" muke kiran duka biyun. Yarinya fara ce tun haihuwa, mun ce fara. Mai jego ta zubar da jini ta ɗashe, mun ce ta yi fari. Turanci ya raba su.

Idan hasken halitta ne, kalmominka su ne *fair*, *fair-skinned*, *light-skinned*, ko *of fair complexion* kamar yadda ake rubutawa a cigiyar wanda ya ɓata. Idan kuwa mutum ya fi yadda aka saba ganinsa haske saboda wani abu ya same shi, sai a shiga dangin *pale*. Ka rubuta *the bride looked pale* da nufin yabon hasken amarya, mai karatu zai ɗauka ko dai ba ta da lafiya, ko kuma auren dole aka yi mata.

Gaskiya ne Turawa sukan ce *pale skin* game da wanda halittarsa ce haka, irin masu jan gashin nan da rana ke saurin ƙonawa, kuma ba zagi ba ne. Amma da zarar ka haɗa ta da *look*, *turn* ko *go*, ka shiga maganar canji. *Fair* kuma ita ce ake amfani da ita ga gashi mai haske: *fair hair*.

Gargaɗi biyar a wannan matakin. Kada ka fassara "fara ce" da *she is white*, domin *white* jinsi take nufi, wato Baturiya. Kada ka fitar da *yellow* daga Turancin kan titi na Najeriya zuwa rubutu. A gida ana kiran mai haske da ita ba a jin komai, amma a waje tana iya nufin matsoraci, kuma idan aka jefi mutanen gabashin Asiya da ita cin mutunci ne. Zabiya *albino* ne, a rubutun girmamawa kuma an fi son *a person with albinism*. Hasken da aka samo daga man bilicin kuwa *bleached skin* ne, man kuma *skin-lightening cream*. Wankan tarwaɗa ba shi da kalma guda a Turanci, sai dai ka ce *medium-brown complexion*.

Mataki na 3: Me ya kori launin, kuma tun yaushe?

Wannan shi ne babban matakin, kada ka yi masa gaggawa. Ka raba dalilan gida uku.

Gida na farko, canjin nan take: tsoro, firgici, mummunan labari. Mafi sauƙi *he turned pale* ko *he went pale*. Idan abin ya yi tsanani har fuska ta koma launin toka, *ashen* ce. Kalma ce mai nauyi, ta wanda aka yi wa rasuwa yanzun nan, ko wanda ciwon zuciya ya buge. 'Yan jarida na son *ashen-faced* idan suna siffanta wanda ya fito daga kotu bayan an yanke masa hukunci. Ba a ɓata ta a kan ƙaramin abu. Wanda ya manta wayarsa a gida bai kai *ashen* ba. Akwai kuma *blanch*, wadda aikatau ce ba sifa ba: *he blanched at the price*, wato da ya ji kuɗin sai da fuskarsa ta canza. A kicin kalmar tana nufin tsoma ganye ko tumatir a tafasasshen ruwa na ɗan lokaci a cire, don haka ka duba muhallin.

Gida na biyu, ciwo da gajiya da suka ɗauki lokaci. Nan kalmomin suka fi yawa, kuma abin da ke raba su shi ne yadda mai magana yake ji game da wanda yake siffantawa.

*Pallid* ita ce ƙanwar *pale* ta cikin littafi. Bambancinsu: *pale* tana iya zama kyakkyawa, *pallid* ba ta taɓa zama yabo. A jikin mutum yawanci rashin lafiya take nunawa, kuma ba a cika jin ta a hira ba.

*Wan* ta haɗa abu uku: ɗashewa, gajiya da damuwa. Akwai tausayi a cikinta. Idan a Hausa za ka ce "ta rame, fuskarta ta yi fayau", to *wan* kake nema. Abokin tafiyarta da aka fi sani shi ne murmushi: *a wan smile*, murmushin ƙarfin hali, irin wanda mara lafiya ke yi wa 'yan dubiya don kada hankalinsu ya tashi. Lura cewa a nan ba launi ake magana ba sam, rashin ƙarfi ne.

*Sallow* ita kaɗai ce ke da ruwan ɗorawa a ciki. Fata ce da ta yi rawaya-rawaya, ba sheƙi, ta mutumin da ya daɗe ba ya samun lafiya ko abinci mai kyau. Ba ta zuwa farat ɗaya. *He turned sallow when he saw the snake* kuskure ne, ba wanda maciji ke mayarwa rawaya cikin daƙiƙa.

*Pasty* daga *paste* take, wato launin kwaɓaɓɓiyar fulawa. Akwai raini a ciki. Ana jifan wanda ba ya fita rana da ita, kullum yana ɗaki gaban kwamfuta. Kada ka faɗa wa mutum ita a gaban idonsa.

*Peaky* ta hirar gida ce a Birtaniya. Uwa ta dubi ɗanta ta ce *you look a bit peaky*, wato kamar zazzaɓi na shirin kama ka. Amurkawa *peaked* suke cewa, da gaɓa biyu. Ba a sa ko ɗaya a wasiƙar ofis.

*Washed-out* ta wanda ya gaji liƙis ce, kamar ma'aikaciyar jinyar da ta kwana a tsaye.

Gida na uku, bakin mutuwa: *deathly pale*, *waxen* mai nufin fata kamar kakin kyandir, da *cadaverous* mai nufin rama da ɗashewa irin na gawa. *Ghastly* ma tana shiga wannan gidan, amma an fi jin ta da ma'anar abu mai muni, kamar *ghastly motor accident* da jaridun Najeriya ba sa gajiya da rubutawa.

Don ka ji bambancin a jikinka, ɗauki hoto guda: uwa zaune a kan benci a bakin ɗakin tiyata, ɗanta na ciki. *She looked pale*: an dai ga ba daidai take ba. *She looked wan*: ta yi kwanaki tana jinya, ba barci, mai kallo ya tausaya mata. *She looked ashen*: likita ya fito yanzu ya faɗa mata abin da ba ta so ji ba. *She looked sallow*: ita ma kanta akwai ciwon da ya daɗe yana cin ta. *She looked pasty*: marubucin ba ya ƙaunarta. Benci ɗaya, mace ɗaya, labari biyar.

Gargaɗi: kalma ɗaya ta isa. *Her pale, wan, pallid face* tara kaya ne kawai, mai duba takarda zai gane haddar jeri aka yi.

Mataki na 4: Dubi fatar wanda kake magana a kansa

Waɗannan kalmomi a Ingila suka girma, inda jini ke nunawa a kunci. Bature ya tsorata, jini ya janye daga fatarsa, kowa ya ga ya yi fari fat. Baƙin mutum ma jininsa na janyewa, amma launin fatarsa ya rufe abin. Abin da ido ke gani shi ne fuska ta dusashe, ta yi toka-toka, leɓe ya bushe.

Saboda haka idan labarinka a Kano ko Damagaram yake, *he went white as a sheet* abin dariya ne, ko da kuwa ka gan ta a littafin karatu. Kana da hanya biyu. Ko ka ɗauki kalmar da ke nuna toka, wato *ashen* ko *his face went grey*, waɗanda suka dace da baƙar fata. Ko ka bar launi gaba ɗaya ka nuna abin da ake gani da gaske: *his lips went dry*, *his hands shook*, *his eyes widened*. Ni dai ta biyun na fi so, domin ita ce hanyar da Hausa ke bi tun asali. Mu ba mu cewa launinsa ya gudu, cewa muke idonsa ya raina fata, cikinsa ya ɗuri ruwa, jikinsa ya yi sanyi.

Haka idan daga Turanci kake juyowa. *He turned pale* ba "ya zama fari" ba ce. Idan tsoro ne, "ya razana" ko "fuskarsa ta canza". Idan ciwo ne, "ya ɗashe" ko "ya koɗe".

A asibiti lissafin daban ne. Can *pale* kalmar aiki ce, kuma ba kunci ake dubawa ba. Likita zai ja fatar idonka ta ƙasa ya leƙa cikinta, ya ce ka fito da harshe, ya buɗe tafin hannunka, ya danna farce. Idan wuraren nan sun rasa jan da ya kamata, ana zargin ƙarancin jini, abin da zazzaɓin cizon sauro, tsutsar ciki, sikila da juna biyu ke yawan jawowa a ƙasarmu. Shi ya sa za ka ga a fayil an rubuta *not pale, anicteric, afebrile*, wato ba alamar ƙarancin jini, ido bai yi rawaya ba, ba zazzaɓi. Sunan yanayin *pallor*. A tsarin duba yara ƙanana na Hukumar Lafiya ta Duniya akwai *some palmar pallor* da *severe palmar pallor*, wato tafin hannu ya ɗashe kaɗan ko ya ɗashe ƙwarai, kuma na biyun tura yaro babban asibiti ake yi ba tare da ɓata lokaci ba.

Gargaɗi ga ɗaliban jinya: *wan*, *sallow* da *pasty* ba sa shiga fayil. Ido ya yi rawaya saboda shawara, *jaundiced* ko *icteric*. Leɓe ya yi shuɗi saboda ƙarancin iska a jini, *cyanosed*. Kada ka rubuta *anaemic* don kawai ka ga ɗashewa, wannan sai gwajin jini ya tabbatar.

Wani gargaɗin: *ashen* daban, *ashy* daban. Baƙaƙen fatar Amurka da *ashy* suke kiran fatar da ta bushe ta yi furu-furu, irin ƙaurin yaro da gwiwar hannunsa a tsakiyar hunturu. Mai *ashy* basilin yake buƙata, mai *ashen* a nemo masa kujera ko likita.

Mataki na 5: Idan kaya ne, haka aka yi shi ko lalacewa ya yi?

Tambayar mataki na 2 ce ta sake dawowa, amma a kan yadi, fenti da mota.

Idan tun daga kamfani launin mai haske ne, kana da *light*, *pale* da *pastel*. *Light blue* shuɗi ne mai haske, kishiyar *dark blue*, ba yabo ba kushe. *Pale blue* ya fi shi rauni, kamar an ƙara masa fari sosai. *Pastel* kalmar ado ce, ta launuka masu taushi a ido irin na ankon biki da kayan jarirai: ruwan hoda mai haske, kore mai haske, shunayya mai haske. Mai talla ya ce *pastel pink* ya fi jan mai saye a kan *pale pink*, ko da yadin ɗaya ne.

Idan kuwa da launin yana da ƙarfi ya tafi, *faded* ce, wato ya koɗe saboda rana, wanki ko tsufa. *Washed-out* ta fi kusa da koɗewar wanki, ana kuma faɗin ta ga hoton da haske ya yi wa yawa. *Bleached* na nufin sinadari ko zafin rana ya cinye launin har ya koma fari. *Discoloured* kuwa launin bai tafi ba, canzawa ya yi zuwa wani mara kyau, kamar farar riga da ta yi ja a wuya. Atamfar da ke zuba a ruwa, *the colour runs* ake cewa.

Sai dangin fari da ba fari sol ba. *Off-white* sunan gidan ne gaba ɗaya. *Cream* ruwan madara ne, ya karkata zuwa rawaya. *Ivory* launin hauren giwa, ya fi *cream* kusa da fari. *Beige* ya fara shiga ruwan ƙasa mai haske.

Gargaɗi: *milk colour*, *ash colour* da *carton colour* a Kantin Kwari kowa ya san su, amma Turancin gida ne. A jarrabawa, ko idan kana odar kaya daga waje, ka rubuta *cream*, *grey* da *light brown*. Kuma kada ka ce *an ashen kaftan* don kaftanin ruwan toka ne.

Gargaɗin da ya shafi aljihu: wajen sayen fenti ko yadi mai yawa, suna kaɗai ba ya isa. *Cream* ɗin wannan kamfani ba shi ne na wancan ba, hoton waya kuma yana sauya launi. Ka nemi lambar launin idan akwai. A tsarin lambobin launi da ake kira RAL misali, 9010 fari ne, 9001 *cream*, 1015 *light ivory*. Idan babu lamba, ka yanki ƙyalle ka tafi da shi, ka duba a hasken rana ba a ƙarƙashin ƙwan shago ba. Bokitin fenti da aka riga aka buɗe ba mai karɓar maka shi.

Mataki na 6: Gina jimlar

Aikatau da ke tafiya da *pale* su ne *look*, *turn*, *go* da *grow*. *Grow pale* a hankali ne, *go* da *turn* nan take. Dalili da *with* ake haɗa shi: *pale with fear*, *ashen with shock*. Kwatanci *paler* da *palest*, ba *more paler* ba. Ga *pallid* kuwa *more pallid*. Suna daga *pale* shi ne *paleness* ga komai, *pallor* ga fatar mutum. Ka lura da harafi: *pale* da l ɗaya, *pallid*, *pallor* da *sallow* da l biyu. Ingila da Najeriya *anaemic*, *colour* da *grey* suke rubutawa, Amurka *anemic*, *color* da *gray*. Ka riƙe ɗaya daga farkon takarda zuwa ƙarshe.

Wasu daga cikin kalmomin suna barin launi su koma siffanta aiki. *A pallid performance* wasa ne da ya yi lami. *Anaemic growth* bunƙasar tattalin arziki ce mara ƙarfi. *A pale imitation* kwaikwayo ne da bai kama ƙafar na asali ba. *It pales in comparison* na nufin ba a ma haɗa su. *A jaundiced view* kallo ne na wanda ya riga ya ƙullaci abu. Waɗannan a dunƙule ake haddace su, ba a sauya musu kalma. Babu *a sallow imitation*.

Mataki na 7: Tsallake tarkuna

*Livid* ce babba. Tsofaffin littattafai suna amfani da ita ga launin shuɗi-toka na wurin da aka buge, wasu ma ga fuskar da ta ɗashe. A Turancin yau idan aka ce *my father was livid*, ransa ne ya ɓaci matuƙa. 'Yan uwanmu na Nijar da suka yi karatu da Faransanci su fi kowa kula, domin *livide* a can har yanzu ɗashewa take nufi.

*Beyond the pale* ba ruwanta da launi. Wannan *pale* ɗin wata kalma ce daban mai nufin turken shinge, jimlar kuma na nufin abu ya wuce gona da iri. *Pail* bokiti ne, furucinsu ɗaya da *pale*. *Sallow* ba *shallow* ba ce, ba kuma *swallow* ba. Akwai wani *pasty* da ake ci, fulawa mai nama a ciki da aka san yankin Cornwall na Ingila da ita. Rubutu ɗaya, furuci daban.

Mataki na 8: Furta, sannan ka gwada kanka

Buɗe ƙamus ɗin intanet ka taɓa lasifika a kan kowace kalma, ka maimaita da ƙarfi. Abu na farko da za ka kula da shi harafin p ne. Bakinmu ya saba haɗa p da f, sai *pale* ta fito kamar *fail*. Ka haɗe leɓɓanka biyu gam kafin ka saki iska. *Wan* ana furta ta "won" a karatun Hausa, tana karin sauti da *swan*, ba da *man* ba, ba kuma da *one* ba, irin tambayar da ke fitowa a takardar *Test of Orals*. *Pasty* ta fuska "peisti" ce, ta ci "pasti". *Pallid* da *sallow* a gaɓar farko ake danna murya.

Daga nan ka koma littafinka ka cike gida na huɗu: jimla ɗaya ga kowace kalma, a kan mutanen da ka sani da kayan da ke ɗakinka. Ka kwafi haɗin da kake kokwanto a kansa, misali *wan smile* ko *sallow wall*, ka sa shi tsakanin alamun zance a Google. Idan littattafai da manyan jaridu suka fito, haɗin na nan. Idan ba kowa sai shafuka biyu uku marasa kan gado, ka sauya.

A tambayoyin *nearest in meaning* da *opposite in meaning* na WAEC da JAMB, sunan da ke bayan kalmar za ka fara kallo kafin zaɓuɓɓukan. Ga misali na gwaji: *After weeks in hospital, she gave us a wan smile*, a ba ka *broad*, *weak*, *wicked* da *white*. Wanda ya haddace cewa *wan* fari ce zai ruga ga *white*, amma murmushi ba shi da launi, amsar *weak* ce. Wajen kishiya ma haka: kishiyar *pallid cheeks* ita ce *rosy* ko *ruddy*, ta *pale blue* ita ce *dark* ko *deep*, ta *faded cloth* ita ce *bright* ko *vivid*, ta *fair complexion* kuma *dark*. Idan ka ga *flushed* a cikin zaɓi, ita ce kishiyar *he turned pale*, wato jini ya taru a fuska saboda kunya, fushi ko zazzaɓi.